Yadda Na Kai Wa Ladidi Akuyar Inna

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. Matan layinmu a Gumel, da masu kawo mini ɗinki, har da waɗanda gaisuwa kawai ke haɗa mu a bakin famfo, kowacce sai ta tare ni ta ce, "Maman Sadiya, wai da gaske akuya kika goya har wata ƙasa?" Ban goya ta ba, amma saura ƙiris. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, wannan ta ji kai, waccan ta ji wutsiya, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya.

Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan Inna, ni da ƙanwata Ladidi. Ni ina aure a Gumel, ita kuma tana aure a wani ƙauye arewa da Dungas, cikin Nijar. Da daminar bara ta haifi tagwaye, Hassana da Usaina. Da kaka ta wuce mijinta ya tafi ci-rani can arewa mai nisa, ya bar ta da mahaifinsa. Ƙauyen nasu waya ba ta shiga, sai dai saƙon baki. Ana tsakiyar bazara wani mai sayar da tabarmi ya kawo mana labari cewa Ladidi ta yi zazzaɓi mai zafi, ta tashi, amma nononta ya ja baya, awakin gidan kuma duk an sayar an sayi hatsi.

Inna tana zaune a ƙauyenmu kusa da Gagarawa, idonta ya yi rauni, da lalube take yawancin abubuwa. Ta aika aka kira ni. Da yake ni ce 'yar fari ba ta faɗin sunana, har yau da nake da jika Yarinya take ce mini.

"Yarinya, Kyalla za ki kai wa 'yar'uwarki."

Kyalla akuyarta ce, ja mai farin ɗamara a ciki, ba ta daɗe da haihuwa ba, hantsarta cike. Ita ce abokiyar hirar Inna. Na ce, "Inna, ba gara a sayar da ita a aika musu su sayi wata a can ba?"

"Wadda za su saya a bazarar nan ƙashi ne da fata. Wannan na san nononta. Ki kai ta da ɗanta, in babu shi ba za ta saki nono ba." Ta sa aka sauko da buhun harawar gyaɗa daga kan ɗaki, ta cusa hannu ta shinshina. "Wannan ta sani. Kada ki zuba mata a ƙasa, ba ta cin abin da aka taka. Kada kuma ki yi mata tsawa, tana da zuciya."

Na yi dariya a raina. Ban san ranar kuka na tafe ba.

Maigidana, Malam, Keke Napep yake ja. Shi ya ɗauko mu daga Gagarawa, ni a baya na rungume ɗan akuya, Kyalla a tsaye tsakanin ƙafafuna ta leƙa kai waje tana kuka kamar ana yanka ta. Duk wanda muka wuce sai ya juyo. Malam ya ce tun da yake sana'ar nan bai taɓa ɗaukar fasinja mai ƙorafi irin wannan ba.

A Gumel muka kwana. Maƙwabciyata Maman Dauda, mutuniyar Filato ce, aikin gwamnati ya kawo mijinta garinmu shekaru da yawa, ta ji kukan akuya ta leƙo ta katanga. Da na gaya mata dalili sai ta koma gida, ta fito da ƙullin acca ta ce a yi wa yaran kunu, tana kuma jan wani buhu.

"Wannan wani irin wake ne mai yaɗo, lablab ake ce masa. Baban Dauda ya shuka a bayan gida, ya shanya ganyen a inuwa. Ya ce yana kawo nono sosai. Ki tafi da shi."

Na ɗebo kaɗan na miƙa wa Kyalla. Ganye ne kore shar, mai faɗi, ni kaina ya ba ni sha'awa. Ta kawo hanci, ta yi atishawa, ta juya mini baya. Kunya ta kama ni. Maman Dauda ta tuntsire da dariya ta ce, "Bar ta, baƙo ne a wurinta. Ni ma da na zo garin nan sai da na daɗe kafin miyar kuka ta wuce mini maƙogwaro." Ta riƙe hannuna ta yi mini addu'a irin tasu, na ce amin.

Ranar Alhamis muka nufi Maigatari, don ranar kasuwa ce ake samun motar da ke shiga ƙauyuka. Wadda ba ta taɓa ganin karar dabbobi ta Maigatari ba, ba zan iya kwatanta mata ba. Raƙuma, shanu masu ƙaho kamar reshen itace, raguna farare da suka kusa kai jaki, duk daga arewa ake koro su. Mu kaɗai ne muke jan dabba muna fuskantar inda suke fitowa. Dillalai suka yanyame mu, wannan ya taɓa hantsa, wancan ya buɗe baki yana duba haƙora.

"Ba ta sayarwa ba ce," in ji Malam.

"To me kuka kawo ta yi? Ganin gari?"

"Nijar za ta."

Wani dattijo mai rawani ya dafa kafaɗar Malam ya ce, "Bawan Allah, ka kai gishiri Bilma, inda ake haƙo shi."

Malam ya samo mini wata tsohuwar a-kori-kura mai zuwa wajen Dungas, ya damƙa ni a hannun direba, ya yi ta maimaita masa sunan ƙauyen su Ladidi har mutumin ya ce ya haddace. Shi ba zai iya barin aiki ya bi ni ba. Da motar ta tashi na waiwaya na gan shi tsaye da hularsa a hannu, sai na tuna ban taɓa ƙetare iyaka ni kaɗai ba.

A ɓangarenmu ba a tsayar da mu da yawa ba. A nasu ɓangaren aka ce kowa ya sauko. Wani jandarma dogo ya miƙo mini hannu ya ce, "Kartidantite." Na tsaya ina kallonsa. Ya sake faɗa. Sai wata tsohuwa da ke bayana ta zungure ni ta ce, "Katin ɗan ƙasa yake nufi, 'yar nan." Na ciro na ba shi. Ya duba, ya dubi Kyalla, ya tambayi inda za ni da ita. Da na gaya masa tagwaye ne ke jiran nono, sai fuskarsa ta saki, ya ce shi ma da nonon akuya kakarsa ta raine shi, ya sa hannu ya taya ni ɗora ta mota.

Tsohuwar nan sunanta Iya Gambo. Haifaffiyar Sule Tankarkar ce, aure ya kai ta Nijar tun tana yarinya, duk Alhamis take zuwa Maigatari sayar da faifai. Ita ta zama mini tafinta, don Hausarsu Hausa ce amma akwai duwatsu a ciki. Babbar mota kamiyo ce, makaranta lakwal, asibiti kuwa likita. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne da na ji direba ya ƙwala kira, "Mushe, matsa ka ba baƙuwa wuri!" Na zabura ina duba inda mushen yake, sai na ga wani mutum mai tsabta da tabarau ya matsa yana murmushi. Iya Gambo ta raɗa mini cewa haka suke kiran malamin makaranta, girmamawa ce. Na ce a garinmu ka kira malami mushe, sai an raba ku.

Daga nan kwalta ta ƙare, sai rairayi. Rana ta take, ƙarfen motar ba ya taɓuwa. Mun yi nisa sai tayoyin baya suka nutse. Aka sauko, maza suna turawa, mu mata muna karyo rassan sabara muna cusawa a ƙarƙashi. Da motar ta fizga ta fita, kaya suka rikito kan juna. Babu wanda ya kula, aka hau aka ci gaba. Sai can Mushe ya ce yana jin warin fetur. Aka duba, ashe jarkar man direba ce ta kife, murfinta ya saki, ta tsiyaye tas a kan buhun harawar Inna.

Na zazzage buhun ina neman inda man bai kai ba. Babu. Direba ya yi ta ba ni haƙuri, har da cire hula. Me zan ce masa? Ba da gangan ya yi ba. Na zauna ina tuna yadda Inna ta cusa hannu tana shinshinawa.

Gab da magariba muka isa garin su Iya Gambo, inda motar ke tsayawa. Ta ce daga nan zuwa ƙauyen su Ladidi sai amalanke, shi ma sai da safe. "Ki zo mu je gida. 'Yar ƙasarmu ba ta kwana a tasha ina raye."

Gidan na zana ne da ɗakunan kara, a share fes. Kafin in zauna an kawo mini fura a ƙwarya, tsararo ba kamar tamu mai kauri ba, amma ta kashe mini ƙishi. Da aka yi sallah aka kawo tuwon gero da miyar yakuwa busasshiya. Bayan nan surukinta Lawali ya hura gawayi ya dafa shayi a 'yar buta, baƙi ƙirin, a kofin da bai fi babban yatsa ba. Na kurɓa sau ɗaya na ji har cikin kunnena. Abin da ya fi burge ni shi ne ruwa. A gidana yara kan bar famfo yana zuba. A can ruwan da aka wanke hatsi shi ake ba dabba, wanda aka yi alwala a tara shi a kai gindin bishiya. Matansu kuma ba su san zaman ɗaki ba, a kan jaki suke zuwa rijiya, suna tafe suna saƙar faifai.

Kyalla kuwa ta ƙi komai. Na shanya harawar Inna ko warin zai fita, ta ƙi ko matsowa. Iya Gambo ta kawo busasshiyar ciyawa da karan gero, ta kalle su ta kau da kai. Na rataya mata lablab a jikin zana daidai bakinta, ta yi atishawa. Ruwan dusa kaɗai ta ɗan tsotsa. Da safe na tatsa, abin da ya fito bai rufe gindin ƙoƙo ba, ɗanta yana ta tunkurin hantsa yana kuka.

"Kada ki karaya," in ji Iya Gambo. "Akuya ba jaki ba ce da zai ci duk abin da ya tarar. Ita sai ta yarda da abu. Ga wahalar mota, ga baƙunta. Ke kanki jiya loma nawa kika yi?"

Da za mu tafi Iya Gambo ta ƙi karɓar ko sisi daga hannuna, sai ma ta ƙulla mini gumba ta gero. Ta ce in na koma in gaishe mata da Sule Tankarkar ko daga bakin hanya ne.

Lawali ne ya kai ni a amalankensa. Gonaki fayau, ba ko tsinke, sai gawo nan da can. Gawo dai kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, da rani yake kore. Muna ratsa ƙarƙashin wani sai Kyalla, wadda tun safe take kwance kamar marar lafiya, ta miƙe ta sa ƙafa a gefen amalanke tana miƙa wuya. Lawali ya tsayar da san da ke jan mu, ya sauka ya tsinto 'ya'yan gawo da suka faɗo, jajaye a lanƙwashe. Ta karɓa tana gurza kamar mai cin ƙuli-ƙuli. Na ce ya ɗauki sanda ya kakkaɓo mana da yawa. Ya girgiza kai.

"A nan kowane gawo da mai shi, Hajiya. Wanda ya faɗo na mai wucewa ne. Wanda ke sama, in ka taɓa, sai gaban maigari."

Muka bi gindin bishiyoyi muna tsintar abin da ya rage, bai cika tafin hannu biyu ba, don lokacinsu ya kusa wucewa.

Da hantsi muka shiga ƙauyen. Na hango Ladidi a bakin turmi kafin ta gan ni, na kusa kasa gane ta, wuyanta ya yi tsawo. Da ta ɗago ta saki taɓarya ta rugo ta faɗa jikina tana "Yaya! Yaya!" Akwai yarinya a bayanta. Na leƙa na ga Usaina ce, idanu manya, gashi ya yi ja. Na duba tabarma, na duba ƙofar ɗaki.

"Ina Hassana? Barci take?"

Ladidi ta sunkuyar da kai. Ta ce gudawa ce, bayan mai tabarmi ya tafi da saƙo. Ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ta ce ta rasa wanda za ta aika, kuma ko da ta samu, ba ta san yadda za a gaya wa Inna ba. Muka shiga ɗaki muka yi kukanmu. Kayan yara da na ɗinka kala biyu iri ɗaya, na tura ɗaya ƙasan jaka ban fito da shi ba.

Surukinta, Baba Isufu, dattijo ne siriri mai kaushin magana. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini sannu da hanya, na yi masa ta'aziyya. Sai ya dubi Kyalla da ke ɗaure, ga ciyawa a gabanta ba ta taɓa ba.

"An gode wa gyatumarku. Amma wannan akuyar 'yar gata ce. Mu nan ba mu da abin lallashi. Yunwa za ta koya mata."

Yunwa ba ta koya mata ba. Aka kwana, aka sake kwana, cikinta ya shafe, nono sai ɗigo. Na jiƙa lablab da ruwan kanwa, ta lashe kanwar ta bar ganyen. Ladidi ta daka 'ya'yan kalgo ta gauraya da dusa, Kyalla ta ɗan taɓa ta bari. A tsakanin nan na matsa muka kai Usaina likita a babban ƙauyen da ke kusa. Ma'aikacin, majo suke ce masa, ya auna damtsenta, ya ba da wani abinci mai kama da tunkuza a cikin 'yan ledoji. Ya ce Ladidi ta ci gaba da ba ta mama ko yaya yake, ita ma uwar ta samu abin kirki ta ci. Nonon akuya kuma a tafasa shi sosai a dama kunu da shi, uwa ta sha, 'ya ta sha. Na ce a raina, ga akuya, ina nonon?

Abin da ban faɗa ba shi ne, akwai harawa a gidan. A bayan ɗakin Baba Isufu akwai wata aduwa, a tsakanin rassanta ya jibge dammunan harawar wake, ya kewaye gindin da ƙaya. Ta san nomansa ce. San nan shi kaɗai ya rage masa, shi ke jan guga a rijiyarsu mai zurfin da ba a ganin ruwanta, shi ke jan amalanke, shi zai yi huɗa in ruwa ya sauka. Ladidi ta ce ko ita ba ta isa ta taɓa ba, da awo yake ba shi safe da yamma. Ni baƙuwa ce, kuma gidan surukai, bakina bai iya roƙa ba.

Kyalla ce ta roƙa wa kanta. Wata safiya muna tankaɗe sai muka ji Baba yana salati da ƙarfi. Muka ruga. Ta tsinke igiya, ta haye amalanken da aka jingine kusa da aduwar, ta tsaya a kan ƙafafun baya ta fizgo dami guda ƙasa. Kanta a ciki, ba ta ma san ana yi ba. Baba ya ɗaga sanda. Ban san lokacin da na shiga tsakaninsu ba.

"Baba, ni za ka doka. Ni na kawo ta."

Ya tsaya da sandar a sama. Sai ya sauke.

"'Yar nan, kina gani kamar rowa ce. In san nan ya faɗi kafin ruwa, wa zai ja mana guga? Wa zai yi huɗa? Ina da garke a gidan nan, ina kallo suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Harawar nan na ƙidaya ta da kwanakin da suka rage. In ruwa ya makara, mu duka ne za mu kwanta, ba yarinya kaɗai ba."

Gaskiya ya faɗa. Na ba shi haƙuri, na ja Kyalla na ɗaure. Ya tattara abin da ya rage ya mayar sama.

Amma ta riga ta ci ta ƙoshi. Washegari na tatsa, na ji hantsar ta ɗan yi nauyi, nonon ya kai rabin ƙoƙo. Ladidi ta tafasa, ta dama kunun accar Maman Dauda da shi. Baba yana zaune a inuwar zana yana gyaran igiyar guga. Tuwo ya fara kamawa a wuta, sai Ladidi ta ajiye masa Usaina a cinya, ta bar ƙoƙon da ludayi a gefensa ta ruga madafa. Ina daga ƙofar ɗaki ina kallo. Yarinyar ta miƙa hannu wajen ƙoƙon. Ya duba hagu da dama, ya ɗauki ludayin ya kai mata baki. Ta sha. Ya ƙara, ta sha, har ta riƙe masa yatsa kada ya janye. Bai ɗago ba ya ce, "Maman Sadiya."

"Na'am, Baba."

"Da hannun nan na ɗauki 'yar'uwarta zuwa makwancinta. Ba ta kai nauyin damin harawa ba."

Da la'asar shi da kansa ya jingina tsani ya sauko da dami. Ya rataye shi a reshe daidai kan Kyalla, ya ja turmi ya zauna yana kallo kamar mai gadin kasuwa. Ni ma na zauna. A nan muka ga yadda take ci. Ganyen take bi ɗaya-ɗaya da leɓe, sai kowar wake da ta saura a jiki, ta bar jijiyoyin da karan tsirara. Da ta gama ta ja baya. Baba ya tashi ya tattara abin da ta bari, wanda ya fi rabin damin, ya kai wa sa. San ya naɗe shi da harshe ya cinye tas, ko tsinke bai bari ba.

Baba ya dubi san, ya dubi Kyalla. Ya ce, "Ashe ba abu ɗaya suke nema ba."

Daga ranar aka yi tsari, Kyalla ta fara, sa ya gama. San ya rasa ganye, sai Baba ya ce a gwada masa lablab, ai kuwa bai yi musu ba. Baba ya riƙa murtsuke kaɗan yana barbaɗawa a cikin harawar Kyalla. Da farko tana tsincewa tana turewa da hanci. Ɗanta ne ya fara ci, da yake shi bai san wani abu na da ba. Da ta ga yana ci sai ta soma taɓawa, amma kullum shi ne na ƙarshe, sai ta gama da wake. In kuwa aka samo 'ya'yan gawo, to ko wake sai ya jira. Maƙwabta da suka ji labari, mai gawo a gona ya aiko da abin da ya ɓoye a rumbu, wata ta kawo kowar wake a gefen zane. Ba wanda ya kawo da yawa, don ba mai shi da yawa.

Na ƙara kwanaki a can fiye da yadda na yi niyya. Ban ce Usaina ta yi ƙiba ba, amma ta fara zama da kanta, ranar da zan taho har ta ja mini ɗankwali tana dariya. Ladidi ma ta ce tana jin nononta yana dawowa. Baba Isufu ya raka ni har bayan gari, abin da aka ce bai saba yi wa mace ba. Ya ce in roƙa masa irin waken nan na maƙwabciyata, zai gwada a gefen gona. Ya ce kuma in gaya wa Inna akuyarta ba ta da kunya, amma tana da amana.

Dawowa ba ta yi wuya ba, babur na hau, kabu-kabu suke ce masa, har bakin iyaka. Nauyin yana cikin ƙirjina ne. Ban tsaya a Gumel ba, na sa Malam ya wuce da ni Gagarawa.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ta ji takuna ta ce, "Yarinya ce?" Na zauna kusa da ita. Ta tambayi hanya, ta tambayi Ladidi, ta tambayi ko Kyalla ta ba ni wahala. Na ba ta labarin fetur, da na jandarma, da na Baba Isufu da sandarsa, ta yi dariya har da tari. Na ce Usaina tana shan kunu, Usaina ta fara zama, Usaina ta ja mini ɗankwali.

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar.

"Tun ɗazu suna ɗaya nake ji."

Na kama hannunta. Ta yi salati a hankali, ta maimaita, hawaye yana bin kumatunta ba ta share ba. Muka zauna haka har inuwa ta bar mu. Can ta ja ƙwaryar gyaɗar ta ture gefe.

"Ki gaya wa mijinki, gonar bayan gida bana ba gyaɗa za a sa ba. Wake za a shuka, mai yaɗo. A yanke shi da ganyensa tun yana kore, a shanya a inuwa. Da kaka ke za ki sake komawa."

Na ce, "To, Inna."